Jar Tuta a Kwanar Rogo

Baiwar Allahn da ta rubuto a ƙarƙashin kashin labarin nan da ya wuce tana tambaya ko na taɓa yin gashi a kai: na taɓa, har da tsaga a gefe. Ku riƙe wannan hoton da kyau, don labarin soyayya ba ya shiga rai in kuna hango ni da sanƙo da tumbin da nake turawa yanzu.

Ga waɗanda suka shigo yau, sunana Zamani, mutumin kudancin Kaduna. A 1991 ni ƙaramin injiniyan hanya ne a Minna, ina hayar ɗaki ɗaya a Ketaren Gwari, ina da babur mai tashi in ya ga dama. Ina neman auren Esta, malamar firamare, 'yar Baba Irimiya da Mama Alisabatu, manoma Gbagyi da gidansu ke bakin hanyar dam ɗin Tagwai. Komai na tafiya sumul, har an fara ajiye mini cinyar kaza. Sai aikina ya shiga tsakani.

Waya ɗaya ce a duk ofishinmu, tana kan teburin Madam Margaret, wadda ba ta taɓa isar da saƙo ba tare da ta barbaɗa masa gishiri ba.

"Injiniya Zamani!" ta ƙwala daga ƙarshen baranda, har masu gadi suka waiwayo. "Malamarka ta bugo daga kemis. Ta ce ka zo gida yau. Ta ce ka ci abincinka kafin ka zo."

"Iyakar abin da ta ce ke nan?"

"Ta ce Mama ta ji. Ban tambaye ta me Mama ta ji ba, amma muryarta ta wadda ta gama kuka ta wanke fuska ce. Me ka yi wa 'yar mutane?"

"Lissafi na yi, Madam."

"Ai shi ne," in ji ta, ta koma kan saƙarta.

Bari in faɗa muku lissafin. Ogana, wani Banufe mai suna Sheshi, ya ba ni aikin gano wurin da ya fi haɗari a hanyar Tagwai. Tifofin yashi da tankokin ruwa sun yi yawa a kanta, amma babu wata ƙidayar haɗari da zan kama. A can in mota ta buge akuya ko ta ture bango, a gindin bishiya ake sasantawa, ba a kai wa kowa ƙara. A takarda hanyar nan ta fi ɗakin amarya lafiya.

To, a wani kwas da aka tura ni Kaduna, wani malami Ba'indiye ya koya mana cewa inda babu ƙidaya akwai baki. Ka tambayi masu bin hanya, sau nawa ake tsallake rijiya da baya a nan? Ba mai ce maka sau goma sha biyu. Wani zai ce jefi-jefi, wani ya ce kusan kullum. Sai ka ba kowace amsa lamba uku maimakon ɗaya: mafi ƙanƙantar abin da mutumin zai iya nufi, mafi girmansa, da na tsakiya wanda ya fi kama da gaskiya. A ma'aunin ɗaya zuwa goma, jefi-jefi ya zama biyu, uku, biyar. Kusan kullum ya zama bakwai, takwas, goma. Ka haɗa na direbobi da na mazauna, ka ninka yawan aukuwa da munin abin da zai faru ranar da ba a tsallake ba. Malamin yana ce musu lambobi masu dishi-dishi. Ni na sa musu lamba mai ƙafa uku.

"Gwamnati lamba ɗaya take so, ka kawo mata uku," in ji Oga Sheshi.

"Oga, ɗayar ƙarya ce mai kyan gani. Ukun ne gaskiya."

Na bi hanyar kaf. Wuri ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, har mafi ƙanƙantar ƙafarsa ta fi ta tsakiyar kowane wuri tsawo. Kwana ce a ƙasan gangara, direba ba ya ganin abin da ke gabansa sai ya karyo. Kuma a nan, a gefen kwalta, mata ke shanya rogon alabo tun da aka shimfiɗa titin, suna zaune a kan duwatsu suna korar awaki. Sunan wurin ma Kwanar Rogo. Na rubuta a kafa allon hana shanya. Oga ya sa hannu.

Shugabar masu shanyar ita ce Mama Alisabatu. Na sani tun kafin in rubuta. Kada ku ce ban sani ba.

Na yi wanka, na saka safarina mai ruwan ƙasa, wanda nake ajiye wa coci da neman aure. Da na isa, abin da na fara gani a ƙofar gida shi ne farar a-kori-kurar Edward. Edward shi ne mai sayen alabon Mama buhu-buhu ya kai kasuwa. Yana da agogon zinare da dariyar mutumin da bai taɓa tura babur ba, kuma tun kafin zuwana yake kai gaisuwa gidan.

Esta ta tare ni a bakin danga. Atamfa shuɗiya mai zanen tsuntsaye ce a jikinta, ta ɗaura ɗankwalin a gaggauce, alli bai gama fita daga yatsunta ba.

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"To shiga. Kada ka yi mata turanci, kuma kada ka ce kusan."

Falon ya sha gyara kamar za a yi baƙi daga Legas. Kujerun kushin da saƙar Esta a kafaɗunsu, kabad cike da samira jere bisa jere, kalandar coci, rediyon Baba lulluɓe da tawul. Baba Irimiya na gefe yana gyara ƙotar fartanya. Edward ya miƙe ƙafa da kwalbar lemo. Mama na tsakiya cikin zanen Zumuntar Mata ta coci, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta sa shi ranar Laraba sai in shari'a za ta yanke.

Na durƙusa. "Mama, barka da yamma."

"Injiniya. Ashe ranar da ka zauna a nan kana cin sakwarata kana tambayata labarin titi, awon bakina kake yi?"

"Mama, ai na faɗa miki aiki ne."

"Na zaci hirar suruki ce! Kowane saurayi da irin surutunsa." Ta gyara zama. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Mutum nawa suka mutu a kwanar nan?"

"Babu ko ɗaya."

"Ka ƙara faɗa, Baban Esta bai ji ba."

"Babu ko ɗaya, Mama. Tukuna."

"Ji mini mugun baki! Tukuna!"

Na yi ƙoƙarin bayani. Na ce ta dubi murhu, ba a ɗora tukunya a kan dutse ɗaya, sai uku. Haka lissafina yake, mafi sauƙi, mafi muni, da na tsakiya.

"Murhu na sani," in ji ta. "Me kake dafawa a kai, in ba ni ba? Ka ga, ɗan nan, wurin nan Ubangiji na tsare da shi. Bara tifa ta shigo ta niƙe mini rogo kwano huɗu, ta taɓa ni? Na zaga bayan gida. Tankar da ta kwashe dutsen da abokiyar shanyata Martha ke zama a kai, ta sami Martha? Ta je shan ruwa."

"Mama, abin da na lissafa ke nan. Ranar da ba ki zaga ba fa?"

Edward ya yi dariya. "Mama, 'yan boko ke nan. Abin da bai faru ba shi suke ci da shi."

"Da alabon nan na kai Esta kwalejin malamai," Mama ta ci gaba, muryarta ta sauka, abin da ya fi tsawarta ban tsoro. "Mata goma sha wani abu suna bayana. Gobe a kafa allo, a ce surukin Alisabatu ne ya kore su? Ka je ka janye takardarka. In ba haka ba, hanyar da ta kawo ka ba ta da haɗari, kai ma ka auna ta."

Jama'a, zan so in ce muku na miƙe na yi jawabi. Gwiwata ce ta yi ƙara kawai. Na ce, "Mama, ba zan iya janyewa ba."

Sai Baba Irimiya, wanda tun shigowata bai ɗaga kai ba, ya ce da fartanyarsa, "Ni dai ban ga wanda ya yi mini noman suruki ba tukuna."

Al'adarsu ce: mai neman aure ya zo da abokansa ya yi wa uban yarinya aiki da ƙarfinsa, a ga irin guminsa.

"Baba, sai in turo tarakta," in ji Edward.

"Tarakta ce za ta aure ta?"

Esta ta raka ni gindin mangwaro inda na jingine babur. Ta ɗan ɗage zaninta, ta nuna mini wani dogon tabo a ƙaurinta wanda na daɗe ina zaton na ƙaya ne.

"Ina aji uku aka bar ni gadin shanya. Mota ta yi fatali da dutse ya same ni. Mama ta ce kada a faɗa, kar Baba ya hana ta wurin." Ta saki zanin. "Don haka na san kana da gaskiya. Amma gaskiya ba ta zuwa ɗaurin aure, Zamani. Ka gaya mini, son da kake yi mini, shi ma ƙafa uku gare shi?"

Ku yi mini adalci, shekara biyu ina horar da bakina kada ya faɗi abu kai tsaye. Na buɗe baki na ce, "To, in aka duba..."

"In ka ce tsakanin kaza da kaza, na shige gida."

"Ba na janye takarda, kuma ba na barin ki."

"Biyu ke nan. Da sauƙi." Ta juya. "Sai ka nemo yadda za su zauna a ɗaki ɗaya."

Babur ya ƙi tashi. Na tura shi har bakin titi, kuma a cikin turin nan dabara ta zo mini. Washegari na koma na ce wa Baba noman surukina ba kunyar doya zai zama ba. Daɓen shanya zan yi wa Mama da matanta a filin bayan gida, nesa da titi.

Mama ta taɓe baki. "Siminti? Kwalta baƙa ce, tana shan rana ta riƙe. Siminti fari ne kamar tafin hannunka, ba ya aikin komai."

"Zan baƙanta shi."

"Masu saye kuma ta sama za su sauko?"

"Zan share hanyar mota har wurin."

"Yi mu gani. In ka gama zan raba rogo kwano ɗaya biyu, rabi a kwalta, rabi a abinka. In naka ya riga bushewa, na bar titi. In nawa ya riga, ka janye takarda ko ka janye ƙafa."

Ban ce na yarda da rabin ƙarshen ba. Ban kuma ce ban yarda ba. Injiniya ne ni.

Oga Sheshi ya ɗage kafa allon zuwa ƙarshen wata, ya kuma zo gayyar da kansa ranar Asabar, shi da abokan aiki, cikin gajeren wandon da rabonsa da rana tun yana makaranta. Ya ce, "Saura ka taɓa kwaltar gwamnati, ni zan fara kai ka ƙara." Siminti na saya, da baƙar hodar da magina ke rina daɓe da ita. Na haƙa, na kwaɓa, na ɗauki kwanon kankare a ka, matan unguwa suna tsaye suna dariya, don su a kafaɗa suke ɗaukar kaya, kai kuwa a wurinsu na tunani ne. Wata ta ce, "Shi ya sa lissafin ya karkace." Tafin hannuna ya yi ƙulli, ya fashe, ya sake yi. Kullum in na tashi aiki sai in zo in shayar da daɓen ruwa kamar jariri.

Madam Margaret kuwa ta sami abin yi. "Malama ta ce ka sa man kaɗanya a hannu. Ta ce Mama ta leƙa wurin da asuba ta taka shi da ƙafa. Ta ce kada ka sa rai, takawa kawai ta yi."

Ranar gwaji ta faɗo a tsakiyar zafin Maris, irin ranar da ƙadangare ma ke neman inuwa. Mama ta fito da rogon da ta jiƙa ta matse ta marmasa, ta raba a gaban kowa. Esta ta baza rabi a daɓena. Mama ta saɓa ɗaya rabin a kafaɗa ta nufi kwana, ta baza, ta zauna a kan dutsenta ta gyara zani.

Ni da na yi rantsuwa zan raba ta da wurin, ni ne na zaunar da ita a kai wuni guda. Ga tifa can tana gangarowa.

Na fizge jan ƙyallen da ke ɗaure a bayan motar Edward, na ɗaura a sandar rogo, na ruga saman gangara, inda direba zai gan ni kafin ya karyo. Na shiga kaɗawa kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero. Tifar ta yi kuka ta rage gudu. Direban ya leƙo.

"Oga, gada ce ta karye?"

"Surukata ce a gaba!"

"Allah ya ba da haƙuri," in ji shi, ya wuce a hankali kamar mai rakiyar gawa.

Haka na wuni. Safarina ya jiƙe ya bushe ya bar taswirar gishiri. Takalmina ya fara kama kwalta. Masu zuwa kamun kifi suka tsaya kallo. Matan Zumunta da suka taso daga koyon waƙa suka yi cirko-cirko suna tambayar wane ne wannan, aka ce surukin Alisabatu ne, yana tsare ta. Esta ta kawo mini kunu a jug, ta ce, "Tsagar kanka ta narke." Mama ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba. Amma na lura ta daina waƙar da ta saba korar awaki da ita.

Da rana ta yi sanyi aka taru. Mama ta ɗebo daga kwalta, aka ɗebo daga daɓe, ta zuba mini a hannu biyu.

"Kai ne mai awo. Faɗa. Kuma lamba ɗaya nake so."

Na murza na dama, ya yi ƙas ya zama gari. Na murza na hagu, na daɓena. Ya bushe, amma can cikinsa akwai ɗan sanyi, kaɗan ƙwarai, irin wanda da na ce babu ba mai kama ni. Esta na kallon bakina. Na san kalmomi da yawa masu ƙafa uku da za su fitar da ni.

"Na kwalta ya fi bushewa," na ce.

Edward ya tafa. "Shi ke nan! Magana ta ƙare."

"To ka janye?" in ji Mama.

"A'a, Mama. Daɓen sabo ne, bai gama fitar da ruwan jikinsa ba, amma ba zan fake da wannan ba, kin ci. Takarda dai tana nan. Kuma duk ranar da kika yi shanya a kwanar nan, da allo ko babu, ina saman gangara da tutata."

"Aikin ofis fa?"

"Sai su kore ni. Sai in sami lokaci sosai."

Ta daɗe tana kallona, daga narkakkiyar tsagata har takalmin da ya kwaso rabin titi. Sannan ta ɗaga yatsu uku.

"Bari in yi maka irin lissafinka. Mafi kyau, ka gaji ka gudu garinku. Mafi muni, mota ta kwashe ka a ce Alisabatu ta kashe ɗan mutane." Ta riƙe na tsakiya ta girgiza shi. "Wannan kuwa, wanda ya fi kama da gaskiya, ka yi ta tsayuwa kamar gunki har matan Zumunta su sa ni cikin addu'ar masu taurin zuciya. Yau ma Martha ta fara yi mini wani kallo."

Ba ta rufe baki ba sai ga Esta ta wuce ta gabanmu. Ta tattare shanyar kwalta tas, ta saɓa kwanon a kafaɗa, ta nufi bayan gida ba tare da ta tambayi kowa ba. Mama ta bi ta da ido. Ba ta kira ta ba.

"Gobe a ƙara masa wuni ɗaya a abin naka, mu gani," ta ce. "Kuma ka gaya wa mutanenka su zo ran Asabar. Ban ce na yarda ba. Na ce su zo."

Baba Irimiya ya miƙo hannu ya juya tafina, ya duba ƙullin da suka fashe, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya sake ni.

Ina tsaye ina neman inda zan ajiye farin cikina, sai Edward ya matso ya zare jan ƙyallensa daga sandata, ya kaɗe shi, ya ninke a hankali.

"Asabar ko, Mama? Madalla. Ai kawunnaina ma ranar Baba ya ba su."

Na dubi Baba. Baba ya dubi fartanyarsa.